HUKUNCIN TURA SAMARI ƘASAR HINDU DON SANIN ADDINAN MUTANENTA

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya watsa 'yan Adam a cikinta da harsuna da launuka dabam-dabam. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata al'ada ce wadda ta kafu a ƙasashen Turai da Amurka. Watau a lokacin dogon hutun makaranta, tsakanin watan Yuni da na Agusta, waɗansu kamfanoni da makarantu sukan tara samari da 'yan mata waɗanda ba su gama sakandare ba, su kwashe su zuwa Indiya ko Nepal ko Tailan na 'yan makonni, domin su zauna da mutanen can, su ci abincinsu, su ga yadda ake ibada a addinin Hindu da na Buddha. Akan sauke yaro a gidan mutanen gari, a kai shi ɗakunan bauta, wani lokaci ma ya kwana a gidajen masu zuhudunsu, a koya masa irin zaman shiru da tattara tunani da suke yi.

Magidanci a Bodinga ko Shagari yana iya cewa ina ruwan biri da gada, alhali kuwa lokacin wannan hutu damina ce, 'ya'yansa suna gona. Amma fa ƙasar Hindu ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa. Tun cikin shekarun 1950 ake nuna finafinan Indiya a gidajen silima na Arewa, a yau kuwa an fassara su da Hausa sun shiga wayoyin hannu, yaro yana kallon ana yi wa gunki sujada yana zaune a zauren ubansa. A shekarun 1970 da 1980 malamai Indiyawa da yawa sun koyar da lissafi da kimiyya a makarantun sakandare na Arewa. Ga kuma ɗalibai 'yan Arewa waɗanda suke tafiya jami'o'in Indiya neman ilmin likita da na haɗa magunguna da na kwamfuta. Saboda haka ya kamata iyaye su san abin da Shari'a ta ce tun kafin takardar gayyata ta zo hannunsu.

Abin da yaro zai tarar a can

Addinin Hindu shi ne na mafi yawan mutanen Indiya da Nepal. A ƙidayar da aka yi a Indiya a shekarar 1951 da waɗanda suka biyo baya, koyaushe su ne masu rinjaye. A ta shekarar 2011 sun kusa kai kashi 80 cikin 100, Musulmi suka zama kashi 14 da 'yan kai, watau mutum wajen miliyan 172, mabiya Buddha kuwa ba su cika kashi ɗaya ba. Wannan addini ba shi da mutum guda wanda ya kafa shi. Tsofaffin littattafansa su ne Beda guda huɗu, a cikin harshen Sanskirit. Masanansu suna maganar wata haƙiƙa guda ɗaya wadda suke kira Brahman, suna cewa ita ce asalin kome, amma ibadar yau da kullum ana yin ta ne ga ababen bauta masu yawa, kamar Bishnu da Shiba, da Rama da Krishna waɗanda suke ɗauka Bishnu ne ya sauko duniya cikin siffarsu. Ginshiƙin aƙidarsu shi ne cewa rai idan ya bar jiki yakan koma cikin wani jiki, na mutum ko na dabba, gwargwadon aikin da ya aikata, wanda suke kira karma, haka zai yi ta kewayawa har ya sami kuɓuta. Malaman Musulunci suna kiran wannan aƙida tanasuhi. Birnin Banaras, a bakin kogin Ganga, yana cikin wuraren da suka fi tsarkakewa. Can suke wanka don neman kankarar zunubi, can suke ƙona gawarwakinsu, kowane maraice kuma sukan kunna fitilu su yi wa kogin ibada.

Addinin Buddha kuwa ya samo asali daga wani ɗan sarauta mai suna Siddata Gautama, wanda aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (amincin Allah ya tabbata a gare shi). Ya bar gidan sarauta ya shiga daji neman maganin wahalar duniya. Mabiyansa suna cewa ya sami wayewa a ƙarƙashin wata bishiya a Bodh Gaya, sa'an nan ya yi wa'azinsa na farko a Sarnat kusa da Banaras. Abin da ya koyar a taƙaice shi ne: rayuwa cike take da wahala, tushen wahala kwaɗayi ne, ana iya kashe wannan kwaɗayi, hanyar kashe shi kuma tana da rassa takwas. Ya hana mabiyansa kisa da sata da alfasha da ƙarya da shan abin maye, waɗannan kuwa abubuwa ne da kowane mai hankali zai yaba. Sai dai koyarwarsa ba ta tabbatar da Mahalicci wanda ya ƙagi duniya ba, ba ta kuma san tashin ƙiyama da hisabi irin wanda Annabawa suka zo da shi ba. Mutum yana shiga wannan addini ta wurin furta cewa ya nemi mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'ar masu zuhudunsa. Ya kamata a riƙe wannan magana da kyau, domin za ta dawo a gaba.

Shin ya halatta Musulmi ya san addinin waninsa?

Amsa ita ce ya halatta, wani lokaci ma yakan zama wajibi a kan wani sashe na al'umma. Alƙur'ani mai girma da kansa ya ba da labarin aƙidun Yahudu da Nasara da masu bautar gumaka da taurari, ya kawo hujjojinsu sa'an nan ya warware su. A Suratul Hujurat, aya ta 13, Allah ya bayyana cewa hikimar rarraba mutane zuwa al'ummu da ƙabilu ita ce su san juna. A Suratul Ankabut, aya ta 20, ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa domin lura da yadda ya fari halitta. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya umurci Zaidu ɗan Sabit, yana saurayi, ya koyi rubutun Yahudu domin ya riƙa karanta masa wasiƙunsu, ya kuwa iya shi cikin kamar rabin wata. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito cewa Huzaifa ɗan Yaman ya kasance yana tambayar Annabi a kan sharri, sa'ad da sauran mutane suke tambaya a kan alheri, don tsoron kada sharrin ya riske shi bai sani ba. Amma zancen nan da ya shahara a bakin mutane, na neman ilmi ko da a birnin Sin ne, malaman hadisi sun ce bai inganta daga Annabi ba, don haka ba a kafa hujja da shi.

Malaman Musulunci sun riga Turawa da nisa a wannan fage. Abu Raihan al-Biruni, wanda aka haifa a shekarar 973, ya shiga ƙasar Hindu a zamanin Sarki Mahmudu na Gazna, ya koyi harshen Sanskirit, ya zauna da masanansu, sa'an nan wajen shekarar 1030 ya kammala babban littafinsa a kan aƙidu da ilmomin mutanen Hindu. Ya ɗauka wa kansa alkawarin faɗin maganarsu yadda suke faɗinta, ba tare da ƙari ko ƙage ba, har yau kuma masana na gabas da yamma suna dogara da littafin. Ibn Hazmin Andalus, wanda ya rasu a 1064, da Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, kowannensu ya wallafa littafi a kan addinai da ƙungiyoyi, Shaharastani har ya keɓe babi ga mutanen Hindu da mabiya Buddha. Ibn Battuta, Bamalike ne daga Tanja, ya yi alƙalanci a Delhi, ya hau dutsen nan na tsibirin Sarandib, watau Siri Lanka, inda akwai alamar sawu wadda Musulmi suke dangana wa Annabi Adamu, mabiya Buddha suke dangana wa Buddha, 'yan Hindu kuwa ga Shiba. Daga baya a shekarar 1353 ya ratsa Takedda ta ƙasar Azbin. Lambobin lissafi ma waɗanda ake amfani da su a duniya yau, daga Hindu Musulmi suka ɗauko su suka kyautata.

Ko a nan Sakkwato akwai misali. Lokacin da Baturen nan Clapperton ya zo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a shekarar 1824, Sarkin Musulmi ya tambaye shi ko daga wace ƙungiya ta Nasara mutanen Ingila suke, ya ambata masa sunayen tsofaffin ƙungiyoyinsu. Baƙon da kansa ya rubuta cewa tambayoyin sun fi ƙarfin saninsa. Wannan ya nuna shugabannin jihadi sun karanci addinin waninsu, saninsa kuwa bai rage musu kome a nasu ba.

Sai dai akwai abin lura guda. Al-Biruni ya haura shekara arba'in sa'ad da ya shiga ƙasar Hindu. Ibn Battuta ya karanci fiƙihu kafin ya bar gida. Muhammadu Bello kuwa a gaban Shaihu da Malam Abdullahi ya tashi. Dukansu sun je wa addinin wasu da ma'auni a hannu. Imamu Ahmad ya ruwaito cewa Annabi ya nuna ɓacin rai da ya ga wata takarda daga littafin Ma'abota Littafi a hannun Sayyadina Umar, alhali shi ne ya sa Zaidu koyon rubutun Yahudu. Hanyar haɗa ruwayoyin biyu ita ce, karatu don biyan bukata ta Shari'a daban yake da karatu don neman shiriya a wajen abin da Annabi ya zo da shi.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Matsalar irin wannan tafiya ta samari ita ce, masu shirya ta ba su tsaya ga nuna wa yaro ba, sukan so ya taɓa da hannunsa. A wurinsu ladabin baƙo ne ya yi abin da masu gida suke yi. A wurin Musulmi kuwa kallo daban ne, shiga ibada daban.

Alƙali Iyal ya kawo a cikin Ashafa cewa Musulmi sun haɗu a kan akwai ayyukan da ba su fitowa sai daga wanda ba Musulmi ba, kamar sujada ga gunki ko rana ko wata ko wuta. A Suratu Fussilat, aya ta 37, an hana sujada ga rana da wata, aka yi umurni da yin ta ga wanda ya halicce su. Shaihu Halil kuma a cikin Muhtasar, babin ridda, ya lissafa ƙudurce tanasuhin rayuka cikin abubuwan da ke fitar da mutum daga Musulunci. Waɗannan littattafai biyu ana karanta su a zaurukan ƙasar Sakkwato tun kafin jihadi.

Bisa wannan, yaro Musulmi ba ya rusunawa ko sa goshi a ƙasa a gaban gunkin Buddha ko na Hindu, ko da an ce masa girmamawa ce kawai. Ba ya miƙa furanni ko turare ko fitila ga gunki ko ga kogi. Ba ya maimaita kalmomin da ake rerawa a ɗakin bauta, domin sau da yawa kirari ne ga ababen bautarsu, ko kuwa kalmomin nan na neman mafaka da aka ambata a baya, waɗanda su ne ƙofar shiga addinin Buddha. Yaro zai iya furta su cikin harshen da bai ji ba, yana tsammani waƙa ce. Ba ya cin abincin da aka ajiye a gaban gunki sa'an nan aka rarraba don neman albarka, ba ya kuma yarda a ɗiga masa jan gari a goshi a wurin ibada. Motsa jiki a asalinsa halal ne, amma idan an haɗa shi da gaisuwa ga rana da ambaton sunayen ababen bauta, kamar yadda akan yi a waɗansu makarantun yoga, to sai a bar shi.

A ɗaya gefen kuma, Shari'a ba ta yarda da wulakanci ba. Suratul An'am, aya ta 108, ta hana zagin abin da wasu suke bauta wa, domin kada su rama da zagin Allah bisa jahilci. Suratul Mumtahana, aya ta 8, ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙi Musulmi ba. Yaron da aka sauka a gidan Bahinde ya gode wa masu gida, ya taya su aiki, ya ci shinkafarsu da ganyensu da 'ya'yan itatuwansu, ya bar yankansu, idan lokacin ibadarsu ya yi ya koma gefe cikin ladabi. Idan kuwa wani yaro ya dawo an ji ya aikata ɗaya daga cikin abubuwan da aka hana bisa rashin sani, kada a yi gaggawar jifansa da kafirci. Shaihu Usmanu ya yi kakkausan gargaɗi ga ɗaliban da suke kafirta talakawan Musulmi. A zaunar da yaron a karantar da shi, ya nemi gafarar Ubangijinsa. Hukunci a kan mutum ayyananne aikin malamai da alƙalai ne.

Abin koyi daga Sifawa da Bodinga da Shagari

Wajen shekarar 1810 Shaihu Usmanu ɗan Fodiyo ya koma Sifawa da zama, ya yi kamar shekara biyar yana karantarwa da wallafa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuwa ya zauna kusa da shi a Bodinga. Babban abin da Shaihu ya yi yaƙi da shi tun farkon wa'azinsa shi ne gauraya. A cikin Nurul Albab ya kasa mutanen ƙasar nan kashi uku: Musulmi tsantsa, da waɗanda ba su taɓa shiga Musulunci ba, da masu haɗa ayyukan Musulunci da na kafirci, irin masu salla kuma suna yanka ga duwatsu da itatuwa. Zai zama abin kunya ƙwarai a ce jikokin mutanen da suka bar tsafin gida saboda wa'azin Shaihu, su ne za su biya kuɗin jirgi su je su ɗauko na wata ƙasa.

Tarihin Indiya ma ya nuna haɗarin gauraya. Sarki Akbar ya gina zauren muhawarar addinai a shekarar 1575, abin ya fara da sauraro, ya ƙare da ƙago wata hanya wadda ta tsinto daga nan da can, malamai irin su Shaihu Ahmad Sirhindi, wanda ya rasu a 1624, suka sha wahalar gyara ɓarnar da ta biyo baya.

Akwai kuma darasi a kan izinin iyaye. Malam Abdullahi ya ba da labari a cikin Ida'un Nusuhi cewa Shaihu ya bi malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umar har Agadas, amma da malamin zai wuce hajji sai ya mai da shi gida, domin mahaifinsa bai yi masa izinin tafiyar ba. Idan tafiya zuwa Ɗakin Allah ta tsaya saboda izinin uba, ina ga tafiya zuwa ɗakin gunki?

Garin Shagari kuwa ya fitar da marigayi Alhaji Shehu Shagari, Turakin Sakkwato, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Da makarantar allo ya fara, sa'an nan elementare ta Yabo, da midil ta Sakkwato, da Kwalejin Kaduna, ya zama malamin makaranta, har ya tsara labarin ƙasa cikin waƙa don yara su san duniyarsu. Ranar 26 ga Janairu 1983 shi ne babban baƙo a bikin ranar Jamhuriya ta Indiya a birnin Delhi. Ya je an karrama shi, ya dawo da addininsa da rawaninsa. Abin dubawa a nan shi ne jerin karatun: allo tukuna, sa'an nan sauran.

Sharuɗɗan da iyaye za su duba

Na farko, yaron ya riga ya san farillan da ke kansa: tauhidi da hujjojinsa daidai ƙarfinsa, da tsarki da salla da azumi, gwargwadon abin da ke cikin Ƙawa'idi da Ahalari da Ishmawi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biyu, a karanta tsarin tafiyar kwana-kwana, a tambaya a rubuce ko yaro yana da ikon ƙin shiga kowace ibada. Idan shiga tilas ce, tafiyar ta haramta.

Na uku, a sami babba Musulmi amintacce, mai sani, wanda zai raka su ya amsa tambayoyinsu a daren ranar da suka taso, domin shubuha idan ta kwana takan yi saiwa. 'Ya mace kuwa ba ta irin wannan tafiya sai da muharraminta.

Na huɗu, a tabbatar zai sami ikon salla a kan lokaci. A gaya masa alƙibla a Indiya da Nepal tana yamma ne, kada ya fuskanci gabas bisa sabon gida. A mazhabar Malik kuma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri ya daina ƙasaru.

Na biyar, a nuna masa Musulmin can. Indiya ƙasar Shah Waliyullahi ce na Delhi, wanda ya rasu a 1762, ya kuma yi wa Muwaɗɗa ta Imamu Malik sharhi. Ƙasar makarantar Deoband ce wadda aka kafa a 1866, da Nadwatul Ulama ta Lakno, da Jami'ar Aligar. Yaron da ya ga Banaras ya kamata ya ga waɗannan.

Idan sharuɗɗan nan sun cika, tafiya mabuɗin ilmi ce, yaro zai dawo ya ƙara sanin darajar tauhidi, ya kuma iya zama da kowane irin mutum cikin mutunci. Idan ba su cika ba, a jinkirta har ya girma ya ƙoshi da karatu, domin Indiya ba za ta gudu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa kowane jariri ana haihuwarsa a kan fiɗira ne, iyayensa ne suke karkatar da shi. Suratut Tahrim, aya ta 6, ta ɗora wa muminai nauyin tsare kansu da iyalansu daga wuta. Uban da 'ya'yansa ba za su taɓa hawa jirgi ba shi ma wannan nauyi yana kansa, tun da abin da ake zuwa gani a can yana cikin wayar da ke aljihun ɗansa.

Allah ya tsare imanin 'ya'yan Musulmi a gida da daji, ya ba iyaye ikon sauke amanar da ya ɗora musu. Allah shi ne Mafi sani.